Nauyin Baba Andarawus

Sabon Gari, Maraɗi, bayan kaka, 1965

Zuwa ga bawana Mushe Barnaba, wato Malam Barnaba, can Ngigmi inda duniya ta ƙare,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da 'yan lakwal ɗinka, yaran makarantar da kake koyarwa. Mu nan lafiya, sai gajiya. Yara sun yi mura sun warke. Innata Saloma tana fama da gwiwa kamar kullum, tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar Tsibiri ne. Ni kuwa ina kan keken ɗinki tun safe har ido ya daina ganin kafar allura, don an sayar da gyaɗa, kowace mace a garin nan tana son sabuwar riga yau-yau.

Ka san ni, ba gaisuwa ce kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar Babana ce, kawunka Andarawus.

Ka san amyoyinsa na zuma da ke bisa manyan gawon nan na bakin gulbi a Jiratawa. Watan jiya ya hau ɗaura sabuwar amya, ƙafarsa ta zame daga reshe. Allah ya sa igiya tana naɗe a hannunsa, ya yi ta reto a sama har masu lambu suka jiyo shi suka zo suka sauko da shi. Tafin hannunsa ya saluɓe, ya yi targaɗe a kafaɗa. An gyara, duk sun warke. Zuciyarsa ce ba ta warke ba. Mutumin da yake hawan gawo tun kafin a yi auren uwarka, yanzu sai ya wuni a gindin tsamiyar gida yana kallon cinnaku suna hawa da sauka.

Da na je Tsibiri ranar Lahadi, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce da ni, "Rahila, ina reto bisa na ga cinnaka ta hwaɗo daga hannuna. Da anka sauko da ni, ga su nan ƙasa suna tahiyarsu, babu mai ɗingishi. Mi ya hana su mutuwa?" Na ce ikon Allah ne, Baba. Ya ce ya sani, amma ta wace hanya. Na rasa ta cewa.

Wanda bai rasa ta cewa ba shi ne Baba Barmo, ƙanensa, wanda ya ƙi bin sa shiga majami'a. Shi cewa ya yi cinnaka magani gare ta a jiki, kuma ubansu ya san sirrin: a tsinci waɗanda suka faɗo daga sama, a shanya, a daka da wani sassaƙe, a sha a fura, a ɗaura laya a ƙugu. Layar nan ce Baba ya ƙona ranar da aka yi masa baftisma. Baba Barmo ya ce tsohon maganin ne ya ƙare a jikin Baba, shi ya sa ƙafa ta zame. Ya zo gidan ya sake zuwa, da garinsa ƙulle a tsumma. Da can Baba korarsa yake yi. Yanzu shimfiɗa masa tabarma yake yi, yana saurare.

In Baba ya sha, dattawan ikkilisiya za su sa shi a horo, Inna ta ce ba za ta iya ɗaga kai a Tsibiri ba. Wannan ma da sauƙi a wurina. Tsorona shi ne in ya sha zai hau ba tare da tsoro ba, da bazara in zuma ta nuna, ga shekaru sun ja. Abin da nake so a raina ya bar hawan nan gaba ɗaya. Na faɗa masa, ya ce bai haifi namiji ba, ƙudan zumarsa kuma ba su san hannun kowa ba sai nasa.

To kai ne ka karanta littattafan Nasara, kuma maganarka yake ji fiye da tawa. Rubuto masa amsar tambayarsa da Hausa sassauƙa, ni zan karanta masa. In ba ka sani ba ka tambayi wanda ya fi ka, kada ka yi mana kame-kamen malamai.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka,
Rahila

Ngigmi, farkon sanyi, 1965

Zuwa ga Rahila, wadda ke kiran kanta uwargijiyata,

Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ruwan garin nan kanwa ce zalla, cikina bai saba ba har yau. Yarana ba su jin Hausa, ni ba na jin yarensu, an kuma ce in koya musu Faransanci. Haka muke wuni ina magana suna kallon bakina. Da yamma in koma ɗaki in hura wuta ni kaɗai. Na gaji, Rahila, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Labarin Kawu ya tayar mini da hankali, amma na ji daɗi da aka yi mini tambayar da zan amsa da harshen uwata.

Ga amsarsa nan. Ki karanta masa a hankali, ban da irin karatunki na gudu.

Kawu, ina gaishe ka da ladabi, ina yi maka barka da arziki. Tambayarka tana da amsa, kuma babu asiri a cikinta. Kafin in rubuto sai da na gwada da hannuna. Na hau rufin lakwal da cinnaka a cikin gidan ashana, na sake ta, yara suna jira a ƙasa. Ta sauka, ta karkaɗe ƙafafunta, ta kama gabanta.

Ka tuna Inna Saloma in tana shiƙa. Tana ɗaga ƙwarya sama ta zubo, tsaba ta faɗo kai tsaye, ƙaiƙayi kuwa ya sauko a hankali yana yawo. Daga wuri ɗaya suka taso, iska ce ta raba su. Iskar nan da muke gani kamar ba komai ba ce, tana tare duk abin da ke faɗowa. In abu ƙarami ne ƙwarai, jikin da iska ke tarewa yana da yawa a kan ɗan nauyin da ke jan sa ƙasa, sai iska ta tallabe shi. Cinnaka in ta fara faɗowa, kafin ta yi nisa gudunta ya tsaya a wuri ɗaya, ba ya ƙaruwa, ko daga kan gawo ta taso ko daga cikin gajimare. Faɗowarta daga ƙololuwar gawo da faɗowarta daga kan rumbu duk ɗaya ne a wurinta. In ta bugi ƙasa kuma ba ta da nauyin da zai murƙushe ta, ga jikinta da ɓawo mai tauri a waje. Mutum kuwa nauyinsa ya fi ƙarfin iska nesa ba kusa ba. Gudunsa ƙaruwa yake yi har ya iso ƙasa, kuma nauyin nan nasa shi ne ke karya shi.

Saboda haka cinnaka ba ta da wani magani a jikinta da za a daka a sha. Ko buhu guda mutum ya sha, ba abin da zai samu sai ciwon ciki. Rashin nauyi ne ke cetonta, ba wani abu ba. Haka Allah ya yi ta.

Rahila, iyakarta ke nan. Ki gaishe da Inna da yara. In kin sami mai zuwa gabas ki aiko mini da daddawa, tasu ta nan ba ta da ɗanɗano. Kamiyo, babbar motar da ke kawo mana wasiƙu, sai ya ga dama yake zuwa, kada ki ga shiru ki ce raini ne.

Wanda ba bawan kowa ba,
Barnaba

Sabon Gari, Maraɗi, ana gab da Kirsimeti, 1965

Zuwa ga Mushe Barnaba,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Yau na 'yanta ka, ka daina zama bawana har zuwa shekara mai zuwa.

Na kai takardarka Tsibiri na karanta masa a gindin tsamiya. Ya sa na maimaita wurin shiƙa, sannan ya kira Inna ya ce ta ɗebo gero ta shiƙa a gabansa. Tana mita tana yi, yana tsugune yana kallon ƙaiƙayi kamar bai taɓa gani ba. Ya sa na maimaita ƙarshen kuma, inda ka ce rashin nauyi ne ke cetonta. Sai ya yi dariya. Tun ranar da aka sauko da shi daga gawo ban ji dariyarsa ba sai ran nan, har hawaye suka zo mini.

Da la'asar sai ga Baba Barmo da ƙullinsa. Baba ko tabarma bai sa an ɗauko ba. Ya ce, "Barmo, tahi da garinka. Yaron ga ya gano ta. Ba magani ba ne, rashin nauyi ne." Baba Barmo ya ce ai shi ke nan, tunda ɗan ƙanwarsu ya fi ubansu sani, ya buga takalminsa ya fita. Inna ta kwana da godiya. Ranar Lahadi bayan sujada sai da aka sa na sake karanta takardar a bakin majami'a, yara suka watse neman cinnaku suna jefowa daga kan katanga.

Abu ɗaya dai, kwanan nan ba ya cin abinci sosai. Tuwon dare yakan mayar da shi, ya ce yana rage ciki. Inna tana ganin azumin godiya yake yi don Allah ya tsare shi daga faɗuwa da kuma daga Barmo, shi ya sa ba ta matsa masa ba.

Na ba wani mai kai goro daddawarka. Ɗinkin Kirsimeti ya kusa kashe ni, bayana kamar ba nawa ba.

Taka,
Rahila

Sabon Gari, Maraɗi, tsakiyar sanyi, 1966

Zuwa ga Barnaba,

Ina fata kana lafiya. Yara lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da kaina ba. Ban jira amsarka ba na sake rubutowa, don magana ta lalace.

Hajiya Zalihatu, mai gidan da nake haya, ita ta kira ni ɗakinta. Mijinta Alhaji Alkasim yana sayen gyaɗa, yana da rumfa da babban sikeli a bakin kasuwa. Ta ce, "Rahila, tsohon nan naku lahiya dai? Alhaji ya ce kowace kasuwa sai ya zo runhwa ya hau sikeli." Na ce wane tsoho. Ta ce Babanki mai zuma. Na ce ai Babana in ya shigo Maraɗi gidana yake fara sauka. Ta ce to ki je ki gani.

Ranar kasuwa na rufe keke na tafi, na laɓe bayan buhuna. Sai ga shi. Daga Tsibiri ya tako da ƙafa, ko jaki bai hau ba. Ya jira aka gama auna gyaɗar mutane, ya cire takalmi, ya cire hula, ya tuɓe riga, ya hau inda ake ɗora buhu ya tsaya ƙyam. Barnaba, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa. Mai awo ya matsar da ƙarfe ya ce masa ya ragu a kan na wancan mako. Baba ya yi murmushi ya ce madalla. Leburori suna ta dariya, wai buhun Tsibiri ya sake zubewa. Ashe sun daɗe suna kiran sa haka.

Na fito na riƙe masa riga. Na ce, "Baba, mi kake yi haka cikin mutane?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Abin da Barnaba ya ce. Rashin nauyi ka ceto. Kahin bazara in na rage, ko na hwaɗo iska ta tallabe ni."

Na ce ba haka kake nufi ba. Ya ce, "Ke anka kai babbar lakwal ko shi? Da bakinki kinka karanta mani." Na ja shi gida na dama masa fura, ya kurɓa don kada in yi kuka, ya ture sauran. Ya koma Tsibiri da ƙafa, wai tafiya tana rage jiki.

Ashe ba azumi ba ne. Kunu tsararo yake sha da safe, shi ke nan har wata safiyar. Mutanen majami'a kuwa sai yabon sa suke yi, ana kawo shi misali a wa'azi. Na gaya wa Inna gaskiya, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ita ma ta daina ci, ya ce ita ba hawa za ta yi ba, ta ci abinta. Har Baba Barmo na je na samu. Ya ce, "Nawa maganin ko bai yi komi ba, da hura aka shan shi. Naku na boko hana ci yake."

Ban ce laifinka ne ba, ni na roƙe ka. Amma kai ka ƙulla, kai kaɗai za ka kwance, don ba ya jin kowa. Rubuto masa yau, kada ka jira gobe.

Rahila

Ngigmi, bayan sabuwar shekara, 1966

Zuwa ga Rahila da Kawu da dukan gida,

Barkanmu da sabuwar shekara. Ina lafiya, sai tari da ya ƙi tafiya. Takardarki ta kafin Kirsimeti ta iso, daddawa ma ta iso, na gode da 'yancin da aka ba ni. Wani mai fataucin kifi ɗan Tsibiri zai tashi gobe, shi na ba wannan, don ya fi kamiyo tabbas. Zai miƙa ta a gida.

Ba zan ɓoye ba, na karanta takardar nan na sake karantawa. Tun da aka turo ni nan ban koyar da abin da wani ya gane ba sai wannan. In na tuna Kawu tsugune yana kallon ƙaiƙayi, sai in ji aikin nan bai zama banza ba.

Maganar azumi kuwa, Kawu, Allah ya karɓa. Ka ba mu kunya mu matasa, da ko jinkirin abincin rana ba ma iya jurewa. Ka dage, muna koyi da kai.

Tunda abin ya yi maka daɗi, ga ƙari. Ba ƙwari kaɗai ba ne. Ɓera in ya faɗa busasshiyar rijiya, yakan yi ɗan jim ya tashi ya ruga. Akuya in ta faɗa, ta karye. Jaki in ya faɗa, sai dai a binne rijiyar da shi. Duk wanda ya fi ɗan'uwansa nauyi ya fi shi shan wuya, duk wanda ya fi sauƙin jiki ya fi tsira. Ka gaya wa Kawu Barmo wannan ma.

Bakansi, wato hutun lakwal, sai damina, in Allah ya kai mu zan zo in sha zumar bana.

Naku,
Barnaba

Tsibiri, ƙarshen sanyi, 1966

Barnaba,

Muna nan da rai.

Takardarka ta mai kifi ta sauka a Tsibiri ba na nan. Wani dattijon majami'a ya karanta masa tas, har da "ka dage". Kunun safen ma yanzu rabi yake sha. Ranar Lahadi jiri ya kayar da shi a ƙofar majami'a, aka ɗauko shi a hannu, wanda ya ɗauko shi ya ce kamar damin kara. Da ya farfaɗo ya ji wannan magana, sai ya yi murna.

Takardata ba ta same ka ba ne, ko ka karanta ka ga abin dariya? Na bar ɗinkin mutane na koma Tsibiri. Ba ni da ƙarfin yi maka faɗa.

Rahila

Ngigmi, shigowar zafi, 1966

Rahila,

Ina gaishe ki, ban san da wane ido ba. Takardunki biyu yau suka zo a jaka ɗaya. Kamiyon ya lalace a hanya, wasiƙun suka yi ta kwana a cikin rairayi. Na sallami yara na zauna rubutu. Da ina da halin tahowa da na taho, amma ba a ba malami izini a tsakiyar shekara sai da gawa, ni kuwa ita nake gudu. Karanta masa wannan, kalma-kalma.

Kawu, ni ne Barnaba, ina durƙushe a gabanka. Na faɗa maka rabin magana na bar rabi. Abin da na ce game da cinnaka gaskiya ne, amma mutum ba shi da hanyar shiga cikinsa. Kafin iska ta tallabe ka sai ka koma ƙanƙanta kamar ɓera, ba rama ba, ƙanƙanta. Jariri sabon haihuwa ya fi ka rashin nauyi ko ka shekara ba ka ci ba, kuma ka san abin da zai same shi in ya faɗo daga gawo. Yunwa nama take ci, ba ta rage tsawo, ba ta rage ƙashi. Ramamme da mai ƙiba in suka faɗo tare, tare za su iso ƙasa, kuma ramammen zai riga karyewa. Duk abin da sikeli ya ce ka rage, iska ba ta san da shi ba.

Babu maganin faɗuwa ga ɗan Adam, Kawu. Babu a ƙullin Kawu Barmo, babu a littafina. Abin da ke riƙe mutum a bisa itace hannunsa ne da ƙafarsa da idonsa, su kuwa da abinci suke aiki. Yadda kake yanzu, faɗuwar kake kira da kanka. Don Allah ka ci abinci. Da na ce ka dage, na ɗauka azumi kake yi, ban san abin da nake faɗa ba.

Kuma ina roƙon ka, ka bar hawa. Ka yi iyakar naka. A nemi wani a koya masa, ko a bar amyoyin.

Rahila, ki sanar da ni ko da layi ɗaya ne. Ba zan sami natsuwa ba sai na ji.

Barnaba

Tsibiri, bazara, 1966

Zuwa ga ɗan'uwana Barnaba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata tarin ya sake ka. Inna lafiya, yara suna wurin Hajiya Zalihatu a Maraɗi. Baba yana da rai. Na san shi kake son ji, shi ya sa na fara da shi.

Kafin takardarka ta zo, zuma ta nuna. Ya ce lokaci ya yi, a kai shi Jiratawa. Mun hana, mun ɓoye igiya, ya ce in ba a kai shi ba zai tafi da rarrafe. Na fito da igiyar, na ɗora shi a jaki na bi shi, Baba Barmo ma ya biyo mu ba wanda ya kira shi. Mun isa da la'asar sakaliya. Ya tsaya gindin babban gawon ya ɗaga kai, ana jin kukan ƙudan zuma tun daga ƙasa. Ya jefa igiya, ba ta kai reshe ba. Ya sake, ba ta kai ba. Baba Barmo ya karɓa ya jefa masa, ta kai. Baba ya kama, ya sa ƙafa a jikin itace, ya ja. Ko tsawon gwiwa bai bar ƙasa ba ya sulale ya zauna. Ya daɗe a nan zaune da igiya a cinya. Ni da Baba Barmo muka juya muna kallon gulbi don kada ya ga mun gan shi.

Zan faɗa maka abin da na ji a raina, ko da za ka ga baƙina. Daɗi na ji. Na ce shi ke nan, ba zai ƙara hawa ba, ba za a ƙara aiko mini cewa yana reto a sama ba.

Da takardarka ta zo, na karanta ni kaɗai a bayan rumbu, na gane inda ta dosa. In na karanta masa zai ci, in ya ci zai yi ƙarfi, in ya yi ƙarfi ka san inda zai nufa. In na yi shiru kuwa, ba zai kai damina ba. Na wuni da ita a ƙugu ina kai da kawo. Inna ta ce me Barnaba ya ce, na ce gaisuwa ce. Da yamma na leƙa ɗaki na gan shi kwance, numfashinsa da ƙyar yake ɗaga zane. Na shiga na zauna na karanta, ban tsallake ko kalma ba.

Bai katse ni ba. Da na gama na naɗe takardar. Can ya ce, "Ashe babu. Ba na Barmo, ba na Barnaba."

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "To duk shekarun ga da nika hawa, ba abin da ka tsare ni?"

Na ce, "Allah, da hannunka."

Ya ɗaga hannuwan yana dubawa, ya juya su gaba da baya. Na ce ka ji kuma ya roƙe ka ka bar hawa. Ya ce, "Na ji. Abin da ya sani ya hwaɗi, na ɗauka. Wannan ba cikin littahi ya gane ta ba." Sai ya ce a kira Saloma ta ɗora tukunya.

Mun fara da kunu mai kauri, don ciki ya manta aiki. Yanzu ya kai ga tuwo. Ya fara zagaya gida ba sanda. Shekaranjiya na tarar ya sa an jiƙa masa rama, yana tufka sabuwar igiya a cinyarsa, yana gwada ƙarfinta da ƙafa. Ya ce zumar bana ta wuce shi, amma bayan kaka akwai amyoyin da za a sake ɗaurawa. Na bar shi da igiyarsa. Na gaji da cewa, Barnaba, kuma na ga yadda yake in ba ya hawa.

Kada ka ƙara rubuto masa a kan wannan. Ka zo da damina ka gan shi da idonka.

Jiya da yamma na kai masa tuwo da miyar kuka, na zauna ina kallon sa yana ci. Ya share kwano tas, ya miƙo mini ya ce ko akwai saura. Na san kowace loma gawon nan take mayar da shi. Na tashi na ƙaro masa.

'Yar'uwarka,
Rahila